Na nemi lissafin kuɗin gini, fasto ya ce kada a taɓa shafaffen Ubangiji

Tambaya: Wata 'yar'uwa, malamar firamare da ke zaune a Palladan, ta rubuto cewa shekara uku ke nan ana karɓar baikon gini a majami'arsu, amma ginin bai wuce linta ba. Faston kuma ya sha faɗa a wa'azi cewa duk wanda ba ya ba da zakka yana ƙarƙashin la'ana, rashin haihuwa da rashin aiki duk daga nan suke. Wata Lahadi da aka tashi sujada ta tare shi a bakin ƙofa, ta tambaye shi inda aka kwana kan kuɗin ginin, da kuma ayar da ta ce Kirista na iya zama la'ananne saboda kuɗi. Mako na zagayowa ya hau bagade ya karanta Zabura 105:15, ya ce masu taɓa shafaffen Ubangiji su kuka da kansu, daga baya kuma aka dakatar da ita daga ƙungiyar mawaƙa. Tana tambaya ko ta yi zunubi, kuma ko ta nemi gafara ne ko ta bar majami'ar.

Amsa:

'Yata, sannu da haƙuri. Bari in fara sauke miki nauyin da ke zuciyarki kafin mu shiga dogon zance: ba ki yi zunubi ba don kin yi tambaya. Akwai inda kika kuskure, zan zo wurin, amma kuskuren na wuri ne da lokaci.

Ni ba fasto ba ne. Akanta ne, aikin lissafi na yi har na yi ritaya. Na riƙe jakar ikilisiyarmu shekara goma sha huɗu a matsayin ma'aji, ina cikin dattawa, ni nake koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki ran Laraba da yamma. Na zauna da fastoci bakwai, na ga wanda ya bar aiki ba shi da ko keke, na ga wanda son kuɗi ya ci. Faston naku ban san shi ba, ban kuma ji ta bakinsa ba, don haka ba shari'arsa zan yanke ba. Abin da Littafi ya ce da abin da idona ya gani a teburin ƙirga baiko, su zan ba ki.

Mu fara da ayar da aka jefe ki da ita. Ki buɗe Zabura 105, amma kada ki fara daga aya ta 15, ki ɗan hau sama zuwa ta 12. Mai zabura labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu yake bayarwa, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar Kan'ana, suna yawo daga wannan al'umma zuwa waccan. Ya ce Allah bai bar kowa ya zalunce su ba, har ya tsauta wa sarakuna saboda su, sannan maganar ta biyo baya, cewa kada a taɓa shafaffunsa, kada a cuci annabawansa. To, wa ake ja wa kunne a nan? Sarakuna, irin su Fir'auna da Abimelek da suka ɗauke wa Ibrahim matarsa. Su wa ake karewa? Makiyaya baƙi da ba su da gari nasu, ba su da sojoji. Allah ya ba mara ƙarfi wannan aya ta zama masa garkuwa a gaban mai iko. Idan wanda ke riƙe da makirufo da makullin ofis ya ɗauke ta ya maka wa malamar firamare, ya sa rigar a baibai ke nan.

Wuri na biyu da ake yawan kafa hujja da shi shi ne labarin Dawuda da Saul, a 1 Sama'ila 24. Saul ya shiga kogo a En-gedi bai san Dawuda da mutanensa na ciki ba. Mutanen suka ce ga ranar da ake jira, Dawuda ya ce Allah ya sawwaƙe ya miƙa hannu a kan shafaffen Ubangiji. Masu wa'azi nan suke tsayawa. Ki ci gaba da karantawa. Dawuda ya fito daga kogon, ya ɗaga murya ya kira sarki, ya sunkuya ya gaishe shi, sannan ya nuna masa ƙyallen da ya yanke a gefen rigarsa, ya ce masa a gaban jama'a yana farautar ransa ba da laifin komai ba, Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Abin da Dawuda ya ƙi yi shi ne kisa. Gaskiya kuwa ya faɗa, da ladabi, ba tare da ya rage ko kalma ba. Shi kansa Dawuda da ya hau sarauta ya ci amanar Uriya, annabi Natan ya shiga fada ya ce masa kai ne mutumin, kuma ba mu ji Dawuda ya kāre kansa da man da aka zuba masa a ka ba. A Sabon Alkawari kuma, 1 Yahaya 2:20 da 27 sun ce dukan masu bi sun sami shafewa daga wurin Mai Tsarki. Ke ma shafaffiya ce, 'yata. Idan ayar ta hana taɓa shafaffu, ta hana a tozarta ki daga kan bagade.

Game da gwada koyarwa, Littafi bai tsaya ga ba da izini ba, yabo ya yi. Ayyukan Manzanni 17:11 ta ce mutanen Biriya sun fi na Tasalonika darajar hali, domin sun karɓi maganar da marmari, suna kuma bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka abin yake. Wanda suke bincikar maganarsa manzo Bulus ne fa. Bulus ɗin ya gaya wa Galatiyawa cewa ko shi da kansa, ko mala'ika daga sama, ya zo musu da wata bishara dabam kada su karɓa, kuma a Antakiya ya tsaya wa Bitrus ido da ido a gaban kowa. Akwai wanda na fi so in tuna miki saboda ke mace ce. Afolos mutum ne mai baki, masanin Littattafai, yana wa'azi da zafi a Afisa, amma iliminsa da saura. Bilkisu da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ji shi, suka ja shi gefe, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah sosai. Afolos bai ce su wane ne ku ba. Ki riƙe wannan jan gefen a zuciyarki, za mu komo kansa.

Mu da muke Zariya bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun farkon ƙarnin da ya wuce, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shekarun da aka kwashe ana wannan wahala, don me? Don manomi da mai daka da ɗan makaranta su karanta da idonsu. A ƙauyuka da dama ajin baftisma shi ne ajin koyon karatu. Kakata, Allah ya ba ta hutu, da yatsa take bin layi in ana karatu a sujada, in mai karatu ya tsallake aya sai ka ji ta yi gyaran murya daga sashen mata. Yau kowa na da Littafin a waya, amma mun koma jiran a gaya mana abin da ke ciki.

Yanzu batun la'ana. Ni ina ba da zakka tun albashina na farko, kuma ɗarikunmu sun bambanta kan ko ushiri, wato zakkar ɗaya bisa goma, doka ce a kan Kirista ko kuwa kyakkyawan ma'auni ne na bayarwa. Ba zan raba wannan gardama a nan ba. Amma cewa duk macen da ba ta haihu ba ko saurayin da bai sami aiki ba zakka ce ya hana, wannan ba shi da tushe. Malakai 3:8 zuwa 10 da ake karantawa, ga al'ummar Isra'ila aka faɗe ta, ƙarƙashin alkawarin Musa, kuma wanda ya karanta littafin daga farko zai ga babi na 1 da na 2 firistoci ne suka sha faɗa mafi zafi. Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29 ta ce ushirin shekara ta uku a tara shi a gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi, ayar da ba kasafai ake jin ta ranar godiyar kaka ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Hannatu da Alisabatu sun daɗe ba haihuwa, Littafi bai ce bashin haikali ake bin su ba, Alisabatu ma shaidar adalci aka yi mata. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Na san matan da suka sayar da keken ɗinki suka kai kuɗin majami'a da sunan shuka iri don a buɗe musu mahaifa, alhali kuɗin ya isa su ga likitan mata. Wanda ya koya musu haka zai amsa, gama Yakubu 3:1 ta ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani.

Sai kuɗin gini, inda na fi sani. Bari in nuna miki yadda ake yi a inda ake yi daidai. An tashi sujada, masu karɓar baiko su biyu sun kawo jakunkuna ɗakin bayan bagade, ba wanda ya ratsa ko'ina da su. A zazzage a kan tebur a gaban mutum uku. Ɗaya yana warware takardun da aka dunƙule, tsofaffin hamsin-hamsin da ɗari-ɗari masu ƙanshin daddawa da man ja, wata ma an ɗaure ta a bakin zane tun ran kasuwa. Na biyu yana jerawa yana ƙirgawa da ƙarfi, na ukun ya sake ƙirgawa ya rubuta: baikon sujada kaza, zakka kaza, baikon gini kaza, kowanne a layinsa. Su ukun su sa hannu. Ran Litinin a kai banki, a manna takardar banki a jikin wancan shafin. Lahadi mai zuwa magatakarda ya karanta wa jama'a jimillar. Fasto ba ya cikin ɗakin, ba ya riƙe makullin akwati, kuma ba a fitar da ko sisi sai da hannun mutum biyu cikin uku. Ƙarshen shekara a kawo mai binciken kuɗi wanda ba ɗan kwamiti ba.

Wannan tsari ba Turawa suka kawo shi ba. A 2 Sarakuna 12, da aka ga shekaru sun wuce firistoci na karɓar kuɗin gyaran haikali amma ba a gyara ba, irin naku ke nan, sai firist Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jaka. Ezra da zai taso daga Babila da azurfa da zinariyar haikali, awo ya yi ya damƙa wa zaɓaɓɓun firistoci, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta. Nehemiya ya naɗa mutum huɗu a kan ɗakunan ajiya. Bulus da ya tara gudummawa don matalautan Urushalima ya ƙi ɗauka shi kaɗai, ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, ya ce yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Ki duba 2 Korantiyawa 8:18 zuwa 21. Idan manzo bai ga raini a cikin a raka shi ba, ban ga dalilin da wani zai gani ba.

Na koyi wannan da tsada, kuma laifin nawa ne. Wata shekara aka yi mana rasuwa a ƙauye zan yi mako biyu. Faston da muke tare a lokacin, mutumin kirki mai ziyarar marasa lafiya ko da tsakar dare, ya ce Baba ma'aji, ka sa hannu a cek uku ka bari saboda aikin rufi kada ya tsaya. Na san ba daidai ba ne, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Biyu sun tafi kan kwano da katako. Na ukun ya biya kuɗin aikin da aka yi wa matarsa a asibiti, da niyyar zai mayar in albashi ya zo, albashin da shi yake bin mu wata uku ba mu biya ba. Bai faɗa wa kowa ba, kunya ta kama shi shi ma. Masu bincike suka gano, magana ta fita, ikilisiya ta rabu biyu kusan shekara biyu, aka yi masa canjin wuri da sunan ɓarawo a bayansa. Da na ƙi sa hannu ran nan, da dole ya zo gaban dattawa ya ce matata ba lafiya, da mun yi karo-karo mun biya, da yana nan da mutuncinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga bangon. Tun daga nan duk faston da ya zo nakan ce masa, Baba, littafin nan kai yake karewa kafin ya kare kuɗin.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki yanke cewa an ci kuɗin gininku. Farashin siminti ya ninka tsakanin 2023 da 2024, rodi da kwano ma haka, gine-gine da yawa a garin nan sun tsaya a linta ba tare da an saci ko kwabo ba. Wataƙila alkawuran da aka yi ranar ƙaddamarwa rabinsu ba a cika ba, mun san halinmu, a miƙe a faɗi dubu ɗari biyar a tafa, shekara ta zagayo ba a ga ko dubu biyar ba. Wataƙila an karkatar da kuɗin zuwa albashi. Duk waɗannan amsoshi ne da za a iya faɗa cikin minti biyar da takarda a hannu. Abin da ya dame ni a labarinki shi ne ba a ba da ko ɗaya ba, sai aka ba da tsoro. Wani abin lura kuma: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 baiko da yawa ya koma ta taransifa. Ki duba lambar asusun da ake rubutawa a allo, in kin tura kuɗi sunan wa ke fitowa, na ikilisiya ko na mutum?

To ga kuskurenki. Kin tare shi a bakin ƙofa, yana gaisawa da jama'a, ya gaji da wa'azi, kunnuwa ashirin na saurare. A wurinmu, tambayar babba lissafin kuɗi a bainar jama'a daidai take da ce masa ɓarawo, ko ba haka kika nufa ba. Matiyu 18:15 ta ce a fara tsakaninku ku biyu, Bilkisu ma gefe ta ja Afolos. Kin kuma haɗa tambaya biyu masu nauyi a numfashi ɗaya, kuma ta kuɗin ba ma shi ya kamata a fara kai wa ba, ma'aji da magatakarda ne masu littafi. Wannan bai ba shi damar mai da bagade wurin ramuwa ba, bai kuma halatta a dakatar da ke ba tare da an zaunar da ke an ji ta bakinki ba. Amma naki kason ki ɗauka.

Ba ki faɗi ɗarikarku ba, kuma amsar inda za ki kai magana ta dogara a kan wannan. A ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan ɗin SIM, kowace majami'a tana da hukumar dattawa, sama da ita akwai majalisar yanki (LCC), sai majalisar gunduma (DCC), har zuwa babbar majalisa da hedikwata a Jos, kuma DCC ke tura fasto ta kuma ɗauke shi. A Angilikan akwai majalisar majami'a da wakilan jama'a a ciki, akwai bishop da taron sinod, ga dayosis a Wusasa ga kuma ta Zariya. A Baftis taron 'yan ikilisiya ne ke da ta cewa, su suke kiran fasto. A Katolika dokar coci ta wajabta kwamitin kuɗi a kowace faris, fada kuma yana ƙarƙashin bishop. Ɗarikar HEKAN da sauran 'yan tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN duk suna da matakansu. Ba na ce waɗannan matakai ba sa barci ba. Na ga ƙarar da aka kai sama ta shekara a cikin durowa saboda wanda ake ƙara abokin karatun wani ne, na ga kuma inda maganin fasto mai laifi shi ne a tura shi ƙauye ya je ya maimaita. Duk da haka ƙofa tana nan, ana iya ƙwanƙwasawa, kuma kundin tsarin ikilisiya a rubuce yake, kina da ikon neman ki gani.

Wahalar ta fi yawa a majami'un da mutum ɗaya ya kafa, irin waɗanda suka cika Sabon Gari da Samaru da Kwangila, wasu a shago, wasu a ajin makaranta. A cikinsu akwai bayin Allah na gaske, na san wasu. Amma in shi ne mai kafawa, shi ne shugaba, matarsa ce ma'aji, ƙaninsa da surukinsa ne amintattun da aka yi rajista da su a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, filin kuma da sunansa aka saya, to ko mala'ika ne an ɗora masa jarrabar da ta fi ƙarfinsa. Tambaya ɗaya ta isa ki auna irin wannan wuri: in Baba ya yi kuskure, wa zai iya zaunar da shi ya ce ya yi kuskure, ya kuma ji? In amsar ita ce Allah kaɗai, ki tuna da Diyotarifis na 3 Yahaya, mai son shugabanci, wanda ke korar duk wanda ya saɓa masa daga ikilisiya. Ƙarshen wannan hanya in ta yi nisa mun gan shi a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da ya ce su yi azumi har mutuwa. Ba a rana ɗaya aka kai can ba, an fara ne daga hana tambaya.

Gwamnati ta sha gwada shiga. A Janairun 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, mai iyakance shugabancin ƙungiyoyin addini ga shekara 20, ta sa Fasto Adeboye na cocin Redeemed ya naɗa wani ya shugabanci cocinsa a Najeriya, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar aka sallami shugaban hukumar. Dokar kamfanoni ta 2020 ta zo da sashe na 839 da ya ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta yi tsaye ta ƙi. A nan jihar Kaduna ma ƙudurin lasisin wa'azi na 2016 ya sha suka daga Kirista da Musulmi. Ni ma ba na son jami'in gwamnati ya riƙe makullin ɗakin baiko, mun san abin da siyasa za ta yi da shi. Sai dai wanda ya ce kada maƙwabci ya share masa tsakar gida, ya kamata a gan shi da tsintsiya.

Na san abin da wasu dattawa za su ce miki, domin ni ma an faɗa mini: a rufa asiri, mu 'yan kaɗan ne a nan, kada a ba waje abin dariya. Ina gane wannan tsoro. Wanda ya ga majami'un Zariya cikin toka a Maris na 1987 ba zai raina shi ba. Amma maƙwabtanmu Musulmi su ma suna tambayar malamansu hujja, kwamitocin masallatai su ma suna fama da lissafin gini, ba wanda zai yi mamakin jin muna binciken namu. Abin da ke zubar da mu a idonsu shi ne ranar da asirin da aka binne ya fashe da kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma haƙƙin fasto, kada in bar shi. 1 Timoti 5:17 zuwa 20 ta haɗa abu uku a wuri ɗaya: dattijon da ke aiki da kyau a girmama shi ninki biyu a kuma biya shi, kada a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku, wanda kuma ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Fastoci sun fi son na farko da na biyu, 'yan ikilisiya sun fi son na uku. Ikilisiyar da fastonta ke bin ta albashin wata huɗu, 'ya'yansa na zaune a gida an koro su kan kuɗin makaranta, ba ta da bakin yin ihu in ya fara wa'azin shuka iri. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma ji-ta-ji-ta a zauren WhatsApp na zumuntar mata ba shaida ba ce. Kada ki rubuta komai a Facebook. Abu ɗaya na keɓe: in maganar ta taɓa lalata da yarinya ko yaro, ko fyaɗe, ko duka da sunan fitar da aljanu, wannan laifi ne a dokar ƙasa, wurin 'yan sanda da asibiti ake fara zuwa, dattawa su ji daga baya.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. Ki sami wata uwa a zumuntar mata wadda ake jin maganarta, ku je gidan fasto da yamma a tsakiyar mako. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Baba, na yi kuskure da na tare ka a gaban mutane, ka yafe mini. Iyakar abin da za ki nemi gafara a kai ke nan, kada a sa ki ce tambayar kanta zunubi ce. Sannan ki roƙe shi ya ba ki lokaci wata rana ku buɗe Malakai da Galatiyawa tare, ki je da niyyar ji, mai yiwuwa akwai abin da ya faɗa da kika ɗauka fiye da yadda ya nufa. Maganar gini kuma ki rubuta wa magatakarda takarda gajera, ba zargi a ciki: nawa aka tara daga farko zuwa yau, nawa aka kashe kuma a kan me, nawa ya rage a banki, yaushe za a karanta wa jama'a. In akwai wasu da ke da wannan damuwa su sa hannu tare da ke, mutum biyu ko uku sun isa, kada ya zama kamar taron dangi. A takarda ta dabam ki nemi a gaya miki laifin da aka dakatar da ke a kansa da wa'adin dakatarwar. Ki yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a naki.

Ki ba su wata biyu ko uku. In ɗarika ce mai matakai kuma aka yi shiru, ki hau mataki na gaba da kwafin takardunki. In kuwa kika tarar ba kowa sama da shi, aka kuma ci gaba da jifan ki daga bagade, to ki tafi, ba laifi a kanki, kuma ba wata la'ana da za ta bi ki. Ki yi sallama da ladabi, kada ki ja kowa ya bi ki, kada kuma ki zauna a gida, majami'u masu karanta lissafinsu suna nan da yawa daga Wusasa har Basawa. Kafin nan ki ci gaba da zuwa sujada, ki rera waƙarki daga kujerar jama'a.

In kuma Allah ya sa suka karɓi maganar, suka ce za a kafa masu ƙirga baiko ana neman masu sa kai, ki fara ɗaga hannu. Aikin yana cin awa guda bayan kowa ya tafi cin abinci. Ki riƙa zuwa da biro biyu da robar ɗaure kuɗi, kullum su ne ke ɓacewa a ɗakin.